Makaho Da Doguwar Takarda: Laifin Na Marubuci Ne, Ba Na Ido Ba

Jama'a da dama har yanzu suna ɗauka cewa karatun makaho bai wuce rubutun nan na ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa ba, wanda Louis Braille na ƙasar Faransa ya ƙirƙiro. Alhali kuwa zamani ya riga ya wuce nan. A yau makaho yana zama gaban kwamfuta ko ya riƙe wayarsa, wata manhaja da ake kira mai karanta allo ta riƙa faɗa masa abin da ke rubuce da murya. Akwai JAWS wadda ta fito a kan Windows a 1995, amma sai da kuɗi. Akwai NVDA wadda aka fara a 2006 a ƙasar Ostireliya, wasu makafi biyu, Michael Curran da James Teh, suka raine ta, kuma kyauta ake ba da ita. Wayoyin iPhone suna da VoiceOver tun 2009, na Android kuwa suna da TalkBack.

To, tunda kayan aiki sun samu, ina matsalar take? Matsalar tana wajen doguwar takarda. Mai ido idan aka miƙa masa littafi mai shafi 300, ba ya farawa daga bango. Sai ya duba jerin babobi, ya fifita shafuka, idonsa ya faɗa kan abin da yake nema. Shi kuwa kunne ba ya tsallake, kalma bayan kalma yake ji. In ba a yi masa hanya ba, ɗalibin da ke neman sakin layi ɗaya a babi na tara sai ya saurari babi takwas tukuna.

Masu ƙera waɗannan manhajoji sun yi tanadin wannan. A NVDA da JAWS, idan mutum yana shafin intanet ya danna harafin H, sai ya yi tsalle zuwa kanu na gaba. Lambobi 1 zuwa 6 suna kai shi manyan kanu ko ƙanana gwargwadon matsayinsu, harafin T kuma ya kai shi jadawali. Yana ma iya kiran jerin kanun takardar baki ɗaya, ya zaɓi inda zai sauka. Amma fa duk wannan ba ya aiki sai in wanda ya rubuta takardar ya shaida wa kwamfuta cewa wannan layin kanu ne.

A nan ne gizo ke saƙar. Mafi yawan masu buga takardu a ofisoshi da makarantu, in za su sa kanu, sai kawai su ƙara wa haruffa girma da kauri. Ido ya ga kanu, amma a wurin manhaja layi ne kamar kowane layi. Alhali a cikin Word akwai wurin da aka tanada musamman don sa kanu, dannawa ɗaya ce, ba ta cin ko kwabo.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a buga takarda, a ɗauki hotonta da na'ura, a mai da ita PDF a rarraba. Wannan ba rubutu ba ne, hoto ne. Manhaja za ta zo kansa ta yi tsit, sai dai a bi da shi ta wata manhajar mai gano haruffa daga hoto, ita kuwa tana yin kuskure, balle an buga hatimi a kan rubutun. Haka nan masu rubutun Hausa da ke amfani da tsofaffin samfurin haruffa, masu aron wata alama su ɗora mata siffar ƙ ko ɗ ko ɓ: ido ya ga daidai, amma manhaja alamar asali take karantawa, kalma ta lalace.

Kada wani ya ce ai alfarma ake roƙo. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh don sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2017. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Ashe ke nan sanarwar ɗaukar aiki ko littafin darasin da makaho ba zai iya ratsawa ba, ƙofa ce aka rufe masa, ko da kuwa babu wanda ya yi niyyar rufewa.

Saboda haka kira yana kan malamai, da sakatarori, da masu shagunan buga takardu. A sa kanu ta hanyar da ta dace. A raba takarda a matsayin rubutu, ba hoto ba. In akwai hoto ko taswira, a rubuta bayaninsa a taƙaice. A yi jadawali na gaskiya, ba a jera kalmomi da tazara ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, domin takardar da aka tsara haka, mai ido ma ya fi jin daɗin bin ta.

Allah ya sa a ji, a kuma gyara.