Katsina United da ƙalubalen rage 'yan wasan gaba a hutun kaka

Tun da aka sauya jadawalin gasar Firimiyar Najeriya a 2023 don ya yi daidai da na Turai, hutun ƙarshen kaka ya riƙa faɗowa a tsakiyar damina. A makonnin da manomin Dandume ke bin kunya-kunya yana rage tsiron masarar da ta cunkushe a rami ɗaya, su ma shugabannin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suna zaune da jerin sunaye, suna tantance wanda zai zauna da wanda za a sallama. Wurin da aikin ya fi wuya shi ne sashen 'yan wasan gaba.

Dalilin cunkoson a bayyane yake. Ƙungiyar da ta taɓa faɗawa rukuni na biyu takan rayu cikin fargabar komawa. Katsina United ta faɗa a 2022 tare da Kano Pillars da Heartland da MFM, ta dawo a 2023. A gasar da ƙungiyoyi 20 ke buga wasa 38 kowacce, huɗu kuma ke faɗuwa duk kaka, da zarar an yi wasa uku ba a ci ƙwallo ba sai magoya baya su fara kiran a sayo mai zura ƙwallo. Kowane sabon koci yakan zo da nasa, na wanda ya gabace shi kuma suna nan. Amma tsarin wasan da aka fi bi a yau mutum uku yake buƙata a gaba, wani lokaci ɗaya tak. Ko da damar canja 'yan wasa biyar da aka tabbatar a dokokin ƙwallo a 2022, akwai waɗanda za su shafe wata guda ba su taka filin Muhammadu Dikko ba sai a atisaye. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Wannan ba lamarin 'yan kallo kaɗai ba ne. Katsina United mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, don haka albashin ɗan wasan da ke zaman benci daga baitulmali yake fitowa, inda malamin makaranta da ma'aikacin asibiti ke karɓar nasu. Ga kuɗin masauki da abinci da magani, ga doguwar tafiya zuwa Aba ko Fatakwal. Ragewa dai dole ce. Abin dubawa shi ne yadda za a yi ta.

A Amurka da Kanada, inda ake buga wasan hoki a kan ƙanƙara, doka ce ke tilasta ragin. Ƙungiyar gasar NHL ba ta wuce 'yan wasa 23 a jerin farkon kaka, kuma an ƙayyade mata jimillar albashi, wadda ta kai dala miliyan 88 a kakar 2024/25. Idan tana son rabuwa da wanda kwantiraginsa bai ƙare ba, tana iya musanya shi da wata ƙungiya, ko ta fanshi kwantiragin ta biya shi kashi biyu cikin uku na abin da ya rage, idan ya kai shekara 26. Wato sallama tana da farashi sananne tun kafin a sa hannu.

A nan gida kuwa, ƙorafin da aka saba ji a gasar shi ne ɗan wasa ya tsinci sunansa a jerin waɗanda aka sallama alhali yana bin bashin albashi ko kuɗin sa hannu. Dokar FIFA ba ta bar wannan a duhu ba. Ba a yarda ƙungiya ta soke kwantiragi ita kaɗai ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, rashin cin ƙwallo kuma ba ya cikin irin waɗannan dalilai. Tun 2018 ma, ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana da ikon ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, sannan ya kama gabansa ya nemi diyya. Ƙungiyar da ta ƙi biyan abin da aka yanke mata tana iya fuskantar haramcin sayen sababbin 'yan wasa. Abin da aka ɗauka tsimi ne sai ya koma asara.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafa ta ba. Idan aka zo ragi, wanda ya fi sauƙin cirewa shi ne yaron da ya zo gwaji daga Funtuwa ko Malumfashi ko Dandume, mai ƙaramin albashi, wanda ba shi da wakili balle wani babba da zai buga waya dominsa. Wanda aka sayo da tsada, ko da ƙafarsa ta yi sanyi, shi ake bari, saboda cire shi tamkar amsa kuskure ne. A lissafin kasuwa wannan baibai ne. Matashi shi ne hajar da ke da riba a gaba. Ahmed Musa yana ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018, Esperance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Dokar FIFA ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wadda ta sallami yaro da wuri ta rage wa kanta wannan kaso.

Mafita mafi sauƙi ita ce aro. Matashin da ba zai samu gurbi a bana ba, a tura shi wata ƙungiya a rukuni na biyu da sharaɗin zai riƙa buga wasa, kwantiraginsa na hannun Katsina. Manya kuma a zauna da su tun farkon hutu, a biya su haƙƙinsu, su samu lokacin neman wata ƙungiya kafin a rufe rajista. Hukuncin wanda zai tafi ya kamata ya fito daga koci, bisa mintunan da kowa ya buga da ƙwallayen da ya ci ko ya taimaka aka ci. Tunda kuɗin jama'a ne, Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da hurumin tambayar 'yan wasa nawa aka ɗauka a kakar da ta wuce, nawa ne suka buga, kuma nawa aka kashe a kan waɗanda ba su buga ba.