Kada a toshe bakin kwamfaila

Ɗalibin da ya sauke tushen wata tsohuwar manhaja ta harshen C, ya ce zai gina ta a kwamfutarsa, yakan ci karo da jan rubutu: nau'in bayanin da aka miƙa bai dace da wanda ake jira ba. Tun fitowar GCC 14 a watan Mayun 2024 abin ya yawaita, domin saɓanin da a da gargaɗi kawai ake yi a kansa yanzu dakatar da ginin yake yi ɗungurungum.

Shawarar da ta fi yawo ita ce a tilasta wa bayanin sauya nau'i, ko a kashe ƙorafin da umarni guda. A ganina wannan rufe tukunya ne alhali tana tafasa.

Mu ɗauki Faskari da Ƙanƙara. Kowanne harafi bakwai ne. Amma a tsarin UTF-8 Faskari bayit bakwai take ci, Ƙanƙara kuwa tara, saboda kowace ƙ mai lanƙwasa biyu take ɗauka. Nau'in char bayit ɗaya ne tak. Idan manhajar rajistar ɗalibai ta miƙa jerin char ga aikin da ke jiran wchar_t, kwamfaila za ta ƙi, kuma da gaskiyarta. Tilasta mata ba ya sauya komai a cikin bayanin: gini zai kammala, sunan garin kuma ya fito a dagule, ko manhajar ta karanta abin da ba nata ba a ma'adana. Gyaran shi ne a juya rubutun da mbstowcs, bayan an saita setlocale, ko a daidaita nau'in tun daga inda aka ayyana shi.

Haka lambar NIN: alƙaluma 11 ce, int mai bit 32 kuwa iyakarsa 2,147,483,647. Rubutu ya kamata a ajiye ta, ba adadi ba, don ba lissafi ake yi da ita ba.

Mutanen Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni babu intanet. Mai koyon da ya dogara ga kwafo amsa ya tsaya cik a irin wannan hali. Saƙon kuskuren kuwa yana nan a allonsa, ɗauke da sunan fayil, lambar layi, nau'in da ake jira da wanda aka bayar. A fara da kuskure na farko. Na ƙasa sau da yawa 'ya'yansa ne.