Kwamfuta takwas, an manta ɗaya: hannu ba ya iya kiwon garken sabar

A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana neman afuwa. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas sun samu makin da ba nasu ba, dole suka sake zama jarabawa. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar jarabawar gyara, amma gyaran bai kai ga wasu sabar ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a Facebook, wasu na cewa maƙarƙashiya ce. Ni kuwa da na karanta bayanin sai jikina ya yi sanyi, domin irin wannan ta taɓa cin ni.

Sabar dai ita ce babbar kwamfutar da wayarka take hira da ita duk lokacin da ka buɗe TikTok ko ka tura kuɗi. Ɗimbin bayanai irin na banki ko kamfanin layin waya sun fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, shi ya sa ake haɗa su garke guda, su raba aikin. Manhajar Hadoop, wadda ta fito a 2006, haka take yi: tana yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, ta ajiye kowane yanki a wuri uku, ta yadda ko kwamfuta ɗaya ta mutu bayanan suna nan. Sharaɗin shi ne kowace kwamfuta a garken ta zama daidai da 'yar uwarta.

Lokacin da nake koyon Hadoop, wani mai shagon kwamfuta a Kwanar Dangora ya ara mini tsofaffin laftof biyar, ina zuwa daga Badafi in yi aiki muddin janareto na kunne. Ɗaya bayan ɗaya na bi su ina sa manhajar da hannu, ina duba littafina. Huɗu suka haɗu, ta biyar ta ƙi. Kwana biyu ina zargin waya, ina zargin laftof ɗin, har na fara zargin mai shagon. Ashe Java ɗin da na sa mata ba irin na sauran ba ne, kiran sallar La'asar ya katse ni a tsakiyar aiki, da na dawo na tsallake layi ɗaya. Asarata kwana biyu ce da kuɗin acaɓa.

Kamfanin Knight Capital na Amurka bai tsira da sauƙi haka ba. A ranar 1 ga Agusta, 2012, suka kunna sabuwar manhajar cinikin hannun jari. Sabar takwas gare su, ma'aikaci ya kwafa sabon aikin zuwa bakwai, ta takwas ta zauna da tsohon. Cikin minti 45 suka yi asarar kusan dala miliyan 440. Ba na ganin laifin ma'aikacin kamar yadda nake ganin laifin tsarin da ya ɗora wa mutum ɗaya maimaita aiki sau takwas ba tare da wani abu da zai duba bayansa ba.

Ra'ayina ke nan: duk aikin da za a yi wa sabar fiye da ɗaya, a rubuta shi, a bar na'ura ta aiwatar. Ni Ansible nake amfani da shi, wanda Michael DeHaan ya fitar a 2012, kuma kyauta ne. Fayil biyu kake buƙata. Na farko jerin sunayen kwamfutocin garkenka. Na biyu bayanin yadda kake so kowacce ta kasance: wane Java, wane Hadoop ko Spark, wane saiti. Sai ya shiga kowacce ta SSH ya daidaita ta. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka sake kunna shi, ba ya taɓa abin da yake daidai, sai wanda ya kauce. A ƙarshe ya jero maka sakamako, wadda ta ƙi amsawa ta fito da jan rubutu. Da haka na yi tun farko, da laftof ta biyar ta tona wa kanta asiri cikin minti biyu.

Wasu tsofaffin hannu suna cewa na'ura tana yaɗa kuskure da sauri fiye da mutum. Gaskiyarsu. A ranar 19 ga Yuli, 2024, gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi. Amma maganin wannan ba komawa hannu ba ne. Manomin shinkafa a Tudun Wada ba ya fesa sabon magani a duk gonarsa rana ɗaya, yakan gwada a ɗan ɓangare ya ga yadda ganye zai yi. Ansible yana da umarnin da ake kira serial: ka ce a fara da sabar ɗaya, in ta lafiya a ci gaba, in ta faɗi a tsaya. Yana kuma iya nuna maka abin da zai canza kafin ya canza komai.

Abin da ke damuna shi ne mu matasan Arewa masu koyon wannan sana'a duk mun raja'a kan abin da ido ke gani, shafi mai kyau da manhajar waya mai launi. Wanda zai kula da garken da ke bayan fage ya yi ƙaranci, alhali bankuna da hukumomin jarabawa da na katin ɗan ƙasa duk a kan irin wannan garken suke zaune. Kuma koyon ba ya buƙatar ɗakin sabar mai sanyi. Laftof ɗaya mai ɗan ƙarfi za ta iya ɗaukar kwamfutocin gwaji uku a cikin VirtualBox. In waya kaɗai gare ka, Termux zai ba ka damar fara saba hannu da Linux da SSH a kan Android.

Laftof biyar ɗin nan tuni mai shagon ya sayar da uku. Fayil ɗin da na rubuta musu yana nan a GitHub ɗina, layi tamanin da 'yan kai, kuma da shi na ɗora garken gwaji na gaba kafin janareto ya shanye lita ɗaya.