Kwamfutar Gida Na Yawan Mutuwa? A Yi Gwaji Kafin A Sayi Magani

Wannan makon mara lafiyarmu ba mutum ba ne, kwamfutar gida ce. Amma darasin shi ne wanda nake maimaita muku kullum: a gano cuta kafin a sayi magani.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwajin jini kafin a sha maganin maleriya, domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. To, haka kwamfuta take. Kwanakin baya tamu ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki, allo ya koma shuɗi, ta sake tashi da kanta. A kanta ƙanena yake atisayen jarrabawar JAMB, a cikinta kuma nake ajiye lissafin kayan kanti. Sau biyu muka biya mai gyara ya goge ta, ya sake zuba mata Windows. Ba a yi mako ba ciwon ya dawo. Ashe ɗaya daga cikin ram ɗinta ne ya lalace.

Mene ne ram? Wani siririn falle ne a cikin kwamfuta, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ku ɗauka kantin magani ne: babbar ma'ajiyar kwamfuta ita ce sito, ram kuma shi ne teburin da ake baza kayan da ake aiki da su yanzu. Idan teburin ya huje, komai kyan kayan da ke sito sai sun zube. Shi ya sa goge kwamfuta ba ya warkar da wannan ciwo.

Alamominsa su ne mutuwa ba tare da wani tsayayyen dalili ba, manhaja ta rufe kanta, ko fayil ɗin da kuka adana lafiya ya ƙi buɗuwa. Idan allon ya kawo saƙon matsala, ku ɗauki hotonsa da waya. Rubutu irin su MEMORY_MANAGEMENT ko PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA kan sa a zargi ram, amma zargi ba hujja ba ne.

Kafin komai, ku kwafe takardu da hotunan iyali zuwa filashi, domin lalataccen ram yana iya ɓata fayil a lokacin da ake adana shi.

Na biyu, ku duba zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, kwamfutar da ta yi zafi kuma takan kashe kanta. Mai ɗora laftof a kan katifa ko filo ya daina. Haka kuma ku lura ko tana mutuwa ne daidai lokacin da wutar NEPA ta yi rawa ko aka juya zuwa janareta.

Na uku, gwajin kansa, kuma kyauta ne. A Windows, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta mdsched.exe, ku zaɓi ta sake tashi ta yi bincike. Za ta ɗauki ɗan lokaci, sannan ta nuna sakamako bayan ta dawo. Idan ta ce babu matsala amma mutuwar ba ta daina ba, akwai MemTest86, wadda ake ɗorawa a filashi a tashi kwamfutar da ita. Ta fi zurfafa bincike, tana iya cin sa'o'i, don haka a bar ta ta kwana tana yi in akwai wuta. Ko kuskure ɗaya ta nuna, akwai matsala.

Na huɗu, a gano wanne ne mai laifin. A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a cire batiri idan mai ciruwa ne, a taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jiki. A zare ram ta gefensa, kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinare, a mayar da shi har ya zauna daram. Wani lokaci rashin zama daidai ne kawai. Idan guda biyu ne, a gwada kowanne shi kaɗai, a kuma canja masa gurbi, domin gurbin ma yana lalacewa. Wanda hannunsa bai saba ba, ko mai laftof ɗin da aka like wa ram a jikin allonta, ya kai wa mai gyara tare da hoton sakamakon.

In za ku sayi sabo, ku tafi da tsohon. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, na laftof kuma daban yake da na kwamfutar tebur. Ku nemi a gwada shi a gabanku kafin ku biya.

Mu dai falle ɗaya muka canja, tun daga ranar ba ta sake mutuwa ba. Da gwajin muka fara, da kuɗin gogewa biyu suna aljihunmu. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.