A Kai Yaron Maƙera, Ba Gidan Gwamnati Ba

Kusan duk shekara sai jaridunmu sun kawo labarin wani yaro da ya haɗa wata na'ura a ƙauyensu. A ɗauki hoto, shugaban ƙaramar hukuma ya aika a kira shi, a miƙa masa ambulan, a ce gwamnati za ta duba. Bayan wata shida ka tambaya, sai a ce ai yana acaɓa, ko ya tafi ci-rani kudu. A 2007 har kafafen labaran ƙasashen waje sun yi ta yayata jirgi mai saukar ungulu da wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa da tarkacen mota da na babur. Muka yi tafi, muka watse.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne wata 'yar na'ura da na ga samarinmu sun fara sha'awar haɗawa, har a nan Rano: na'urar da ke gasa ƙarfe ya yi jawur ba gawayi, ba harshen wuta, ba ta ma taɓa ƙarfen. Ina so in riga masu ambulan magana a kanta. Ra'ayina shi ne kada a kira ta ƙirƙira, domin ba sabuwa ba ce, kada kuma a kira ta wasan yara. Darasi ce mai kyau ƙwarai, kuma wurin da ya dace a kai ta shi ne gaban maƙeri da makanike.

Ga yadda take. Ana nannaɗe bututun jan ƙarfe, irin wanda masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ke amfani da shi, ya zama kwayil mai zagaye shida ko bakwai, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. A haɗa shi da jerin kafasito, sai taransisto biyu masu ƙarfi, irin waɗanda ake kira MOSFET, da 'yan ƙananan kaya kaɗan. Batir yana ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya. Taransiston nan biyu su ke karɓa-karɓa, wannan ya buɗe wancan ya rufe, har wutar ta riƙa kai da komo a cikin kwayil sau dubbai masu yawa a daƙiƙa ɗaya. Kai da komon nan yana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai jujjuyawa a tsakiyar kwayil. In ka zura ƙusa a wurin, sai wutar lantarki ta tashi a cikin jikin ƙusar kanta tana zagayawa, ƙarfen yana yi mata turjiya, turjiyar ta zama zafi. Wato ƙusar ce ke gasa kanta.

Michael Faraday ne ya gano tushen wannan a Ingila a 1831, Léon Foucault na Faransa kuma ya nuna zafin da wutar nan mai zagayawa ke haifarwa a 1855. Zuwa 1900 an fara narka ƙarfe da wannan hanya a ƙasar Suwidin. Yau masana'antun motoci da ita suke ƙarfafa haƙoran giya, saboda zafin yana tsayawa a fatar ƙarfen, cikinsa ya zauna da laushinsa, ba ya saurin karyewa. Don haka duk ɗan jaridar da ya rubuta cewa yaron Rano ya ƙirƙiro abin da Bature bai sani ba, ya cuci yaron. Ya sa masa girman kan da zai hana shi tambaya.

Ɗan ƙanwata na cikin masu wannan sha'awa. Ya gama sakandare, yana zaman shagon gyaran caja da fitilun sola. Ya ga abin a bidiyo, ya tara kuɗi, ya bi mota ta Bunkure da Karfi zuwa Kano ya sayo kaya a Sabon Gari, sauran ya ciro daga matacciyar inbata. Taransisto sun yi ta fashe masa. Da farko ya ɗora laifin a kan jabu, kuma jabun suna nan a ko'ina, ana goge lambar ƙaramin taransisto a buga ta babba. Amma ainihin matsalarsa wata ce dabam. Yana kunna na'urar da wata tsohuwar cajar batir wadda wutarta ke tasowa a hankali. Wannan haɗin kuwa yana son wuta ta shigo masa gaba ɗaya lokaci guda; in ta shigo da jan ƙafa, kai da komon ba ya tashi, taransiston biyu su buɗe tare, su ƙone nan take. Mai bidiyon bai faɗi wannan ba. Wani tsohon mai gyaran rediyo ne ya dubi abin ya ce masa ya sa batir da makunni mai ƙarfi a tsakani. Magana ɗaya, ta tsayar da asarar da ta kusa cinye masa jari.

Da ta tashi, sai ya kira ni. «Kawu, zo ka kalli mita, kada ka kalli ƙarfen.» Ya zura guntun rodi siriri. Allurar mitar da ke auna wutar da na'urar ke ja ta yi tsalle sama, ta tsaya can tana rawa. Ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi duhu, sannan ja ya fara ɓullowa daga tsakiyar kwayil yana bazuwa. Yana yin ja sosai sai allurar ta sauko da kanta, ba wanda ya taɓa komai. Ya ce, «To wannan ne ban gane ba.»

Amsar tana cikin littafin fiziks ɗin da ya yi jarrabawa da shi ya manta. Idan baƙin ƙarfe ya kai zafin digiri 770 a ma'aunin salshiyas, maganaɗisu ya daina kama shi. Da ya daina kamawa, na'urar ba ta iya cusa masa ƙarfi kamar da, shi ya sa ta rage jan wuta. Abin daɗin shi ne, zafin da ake buƙata kafin a tsoma ƙarfen sifirin a mai ko a ruwa don ya yi ƙwari yana sama da wannan kaɗan, wajen digiri 800 da 'yan kai. Saukowar allurar tana gaya wa yaro abin da maƙeri ke karantawa da ido a launin ƙarfe tun kaka da kakanni. Malamin da ya nuna wa ɗalibai wannan sau ɗaya a aji, ba sai ya sa su hadda ba.

Ni na matsa masa ya kai ta maƙera. Muka je wurin wani dattijo a wani ƙauye kan hanyar Kibiya, wanda garma da fartanya da lauje na yankin daga hannunsa suke fitowa. Ya bar zugazugi, ya goge hannu, ya zauna yana kallo. Abin farko da ya ɗauko bakin fartanya ne. Bai shiga kwayil ba. Ya yi murmushi bai ce komai ba. Sai ya ɗauko ƙaramin kurfi da awartaki ya zura bakinsa. Kafin a gama gaisawa da wani mai wucewa bakin ya yi ja, gindin kuwa bai ko yi zafin kirki ba. Dattijon ya juya shi a haske, ya tsoma a ruwa, ya gwada da zarto.

«Yaro, wannan ta ƙaramin aiki ce,» in ji shi. «Amma tana sa wuta inda ka ce mata. Gawayi ba ya jin magana haka. Batirin nawa ne?»

Yaron ya faɗa.

«Baba, amma rana ce za ta riƙa cika shi.»

«Ranar ma ai sai an saya mata faranti.»

Ban ga injiniyan da zai yi wa na'urar hukunci fiye da wannan ba, kuma lissafi yana bayan dattijon. Batir biyu masu bolt 12 a jere, in na'urar tana jan amfiya 20, wat 480 ke nan, bai kai rabin abin da dutsen guga ke ci ba. Kafin kilo ɗaya na ƙarfe ya kai zafin ƙira yana shan kusan kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗin wuta, ko da ba a yi asarar komai ba, asara kuwa dole ce, domin ƙarfen da ya yi ja yana zubar da zafi a iska tun kana zuba masa. Saboda haka wanda ya ce wannan 'yar na'ura za ta kori gawayin ƙirya daga maƙera, bai taɓa riƙe masaba ba. Garma tana nan wurin zugazugi. Manyan injinan da za su iya wannan aiki suna son wutar da ba mu da ita. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Amma ƙaramin aikin ma aiki ne, kuma yana da yawa a ƙasar nan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, noman rani ya zama abincin jama'a daga Rurum har Kadawa da Kura. Injinan ban ruwa suna kwana cikin laima, notinsu su yi tsatsa su kafe. Makanike ya yi ta duka da guduma har ya karya ƙusar, ko ya kai wa mai walda ya hura mata wuta ya ƙona roba da fenti na kewaye. Kwayil ɗan ƙarami da za a sa wa notin kamar zobe zai zafafa shi shi kaɗai, ya buɗe, ya saki. A ƙasashen waje ana sayar wa makanikai irin wannan a shirye. Haka sake wa bakin kurfi da ƙananan wuƙaƙe ƙwari, da lanƙwasa bakin rodi siriri. Wannan kasuwa ce da yaro zai ci abinci a cikinta, in ya san wanda zai yi wa aiki.

Wani zai ce me ya sa za a wahala, alhali ana kawo allon na'urar a haɗe daga Sin, kuma wataƙila ya fi arha a kan sayen kayan ɗaya-ɗaya. Gaskiya ne. Wanda ke son aiki kawai ya sayi haɗaɗɗe. Sai dai ranar da ya ƙone, wa zai buɗe shi? Abin da ke cikin wannan na'ura, wato taransisto masu kunnawa da kashewa da sauri, da kwayil, da kafasito, shi ne cikin inbata, shi ne cikin sabbin injinan walda marasa nauyi, shi ne cikin akwatin da ke tuƙa famfon sola na rijiyar burtsatse. Ƙauyukan Rano da Kibiya suna cika da waɗannan kaya, kuma da yawa in sun mutu sai a loda su a mota zuwa Kano, ko a jefar a sayi sabo. Yaron da ya ƙona taransisto har ya gane dalilin ƙonewarsu, shi ne mai gyaran da muke nema.

In ya rayu, ke nan. Wannan ce damuwata ta gaske. Wasu bidiyoyin suna nuna a ciro taransifoma daga tsohuwar na'urar ɗumama abinci ta makirowef. Wannan taransifoma tana fitar da wajen bolt 2,000, kuma ta kashe mutane da dama a duniya, masu irin wannan sha'awa. Ba abin taɓawa ba ce. Ko da batir ake aiki, wutar da ke kan kwayil tana ninka ta batirin fiye da sau uku, batirin mota kuma in wayoyinsa suka haɗu ba fis a tsakani, yana iya narka sifana. Zoben azurfa ko agogo a hannu yana ɗaukar zafi kusa da kwayil. Ƙarfen da ya koma baƙi yana iya zama a digiri 400 yana jiran yatsa. Bututun ruwa mai rufin zinki in ya gasu yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuwa kada ya matso ko kusa. Duk waɗannan ba a koyonsu daga waya. Sai da babba a tsaye.

Babban kuma muna da shi. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da makaranta a nan Rano wadda sunanta ma na fasahar karkara ne da koyon sana'a. Ga kwalejin koyon sana'a ta Bagauda ba nisa. Abin da nake roƙo ba shi da tsada: rana ɗaya a mako a buɗe wa yaran gari ɗakin gwaji, waɗanda ba su da lambar ɗalibi, da malami guda da zai zauna da su. A tanadi injin ba da wuta mai iyakance amfiya, wanda zai yanke kafin taransisto ya ƙone, da na'urar da ke zana siffar wuta a gilashi don yaro ya ga kai da komon da idonsa, da kaya na asali da za a sayar musu a kan farashin sari. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su haɗa kuɗin. Bai kai abin da ake kashewa a taron ƙaddamarwa guda ba. Masarauta kuma ta yi abin da ita kaɗai ke iyawa, ta sa shugabannin maƙera da na makanikai su riƙa leƙowa, su zo da notin da ya gagare su da kurfin da ya dakushe, su faɗa wa yaran a fuska in abin bai yi ba.