"Branch" ko Reshen Ceɗiya?

Jama'ar Briqueterie da Tsinga,

Wata kalmar Ingilishi ta samu gindin zama a bakin matasanmu, wato "branch". A wani zama da aka yi a zauren dattijonmu, da aka zo rubuta sunan ƙungiyar taimakon juna a littafin taro, wani saurayi ya ce a sa mu a matsayin "branch" ɗin Hausawan Nijeriya. Sai muka ajiye alƙalami, domin magana ce da ba a rubuta ta sai an auna.

Asalin ma'anar kalmar reshen itace ne. Daga nan Turawa suka ara wa rafin da ya rabu da kogi, da ɓangaren dangi, da ofishin banki da ke ƙarƙashin hedikwata. Maƙwabtanmu 'yan Bamenda da Buea kuma, idan ɗayansu ya ce zai "branch" gidanka, yana nufin zai ratso ya gaishe ka ya wuce. Mu da muka yi karatun zaure mun san ta cikin wata riga: malaman fiƙihu sun raba ilimi zuwa usulu da furu'a, tushe da rassa.

To, wace ma'ana ce tamu? Ofishin banki umarni yake jira daga sama, kuma ranar da ya daina kawo riba sai a garƙame shi. Mai ratse kuwa ko takalmi ba ya cirewa. Kakanninmu fatake sun sauka Yawunde tun kafin Jamusawa su bar ta a 1916, unguwarmu ma daga wurin gasa bulo ta samo sunanta. Wanda ya haifi 'ya'ya ya binne iyaye a wuri fiye da shekara ɗari ya wuce a kira shi baƙo.

Abin da ya dace da mu shi ne reshen ceɗiya. Ana saro shi a kafa a wata ƙasa, ya kama, ya saki saiwoyi, ya zama bishiya mai inuwarta, alhali ganyensa bai daina shaida uwarsa ba. Tushiya mafarin dawa: Kano da Katsina da Sakkwato tushenmu ne, ba mu musu. Amma ban ruwan dashe yana kan wanda ya dasa.

Nan ne tsoronmu yake. Jikokinmu suna ciniki da Faransanci, suna gaisuwa da Hausa mai ɗingishi. Ba wanda zai taso daga Kano ya gyara mana harshensu. Mu yi musu Hausa a kan tabarmar cin abinci, mu rubuta tarihin gidajenmu tun dattawa suna da rai.

A littafin taro dai "reshe" muka rubuta. Allah Ya raya dashenmu, amin.