Daga Jirgin Yaƙi Zuwa Jirgin Fasinja: Abin da Lissafin Sa'o'i Bai Auna Ba

A Amurka, duk mai son zama matuƙi a kamfanin jiragen fasinja sai ya tara sa'o'i 1,500 yana tuƙi a sama kafin a ba shi lasisin aikin. Wannan ƙa'ida ta fara aiki a 2013, bayan hatsarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairun 2009, wanda ya ci rayuka 50. Sai dai an yi wa matuƙan da suka fito daga soja rangwame: sa'o'i 750 sun ishe su hawa kujerar mataimakin kyaftin. Rangwamen yana da hujja. Soja ba ya ɗaukar kowa, horonsa mai tsanani ne, kuma rundunar sojin saman ƙasar takan riƙe matuƙi shekara 10 bayan ya gama koyon tuƙi. Wanda ya fito daga nan hannunsa ya faɗa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sa'o'i gwanintar hannu kawai suke aunawa, alhali sauyin da ya fi ba tsohon soja wuya yana cikin bakinsa da kunnensa, wato yadda yake magana da yadda yake saurare.

Matuƙin jirgin yaƙi sau da yawa shi kaɗai ne a ɗakin tuƙi. An koya masa yanke shawara cikin ƙiftawar ido, an kuma koya masa cewa akwai aikin da ya cancanci a yi kasada dominsa. Kamfanin fasinja kuwa ba ya biyan kowa don ya yi kasada. A can, matuƙin da ya ga hazo ya rufe filin sauka ya juya zuwa wani gari ya yi aikinsa daidai, ko da fasinjoji sun yi gunaguni. Mutum biyu ne a gaba, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana sa ido, kowane mataki kuma ana karanta shi da baki daga jerin abubuwan dubawa, ɗayan ya amsa. Ga kuma batun girma. A kamfanonin Amurka ranar ɗaukar aiki ce ke tsara matsayi, saboda haka kanar da ya jagoranci runduna zai fara daga ƙasan jeri, ya zauna a kujerar dama ƙarƙashin kyaftin da wataƙila ya girme shi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma rawar da aka yi shekara ashirin ana takawa ba ta barin ƙafa da sauƙi.

Abin da ya faru a filin jirgin Stansted na Ingila ranar 22 ga Disambar 1999 ya isa misali. Wani jirgin dakon kaya na Korean Air, samfurin Boeing 747, ya faɗi ƙasa da minti guda bayan tashinsa, mutum huɗun da ke ciki duk suka mutu. Kyaftin ɗin tsohon kanar ne a sojin saman Koriya ta Kudu. Na'urar da ke nuna masa karkatar jirgi ta lalace, sai ya yi ta karkata hagu bai sani ba. Ta gaban mataimakinsa lafiya lau take, ƙararrawar gargaɗi ta yi ƙara, injiniyan jirgin ma ya yi magana, amma mataimakin bai ce uffan ba, bai kuma karɓi tuƙin ba. Bayanin da zai ceci jirgin yana cikin ɗakin, hanyar da zai bi daga ƙarami zuwa babba ce ta toshe.

Ba daidai ba ne a ɗora wannan a kan kakin soja kaɗai, ko a kan al'adar Koriya, kamar yadda wasu marubuta suka yi gaggawar yi. A Disambar 1978 mai ya ƙare wa jirgin United Airlines a kusa da Portland ta Amurka, mutum 10 suka rasu, domin hankalin kyaftin ya tafi ga matsalar tayoyi, abokan aikinsa kuma ba su matsa masa kan batun man ba. Irin waɗannan haɗura ne suka haifar da horon haɗa kai a ɗakin tuƙi, wanda United ya fara bayarwa a 1981, rundunonin soja ma suka ɗauka daga baya. Hasali ma, matuƙin jirgin dakon sojoji irin C-130 ya saba aiki da ayari tun yana cikin kaki, don haka tsallakowarsa ta fi ta matuƙin jirgin yaƙi sauƙi.

Chesley Sullenberger, wanda ya sauke jirgin US Airways a Kogin Hudson ranar 15 ga Janairun 2009 bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, shi ake yawan kawowa a matsayin shaidar fifikon horon soja. Gaskiya ne ya tuƙa jirgin yaƙi na F-4, kuma duk mutum 155 sun tsira. Abin da ake tsallakewa shi ne ya bar soja tun 1980, ya yi shekara 29 a jiragen fasinja, yana kuma cikin waɗanda suka tsara horon haɗa kai a kamfaninsa. Daf da taɓa ruwa, na'urar ɗaukar murya ta ji shi yana tambayar mataimakinsa, Jeffrey Skiles, ko yana da wata dabara. Wannan tambaya ba a koyon ta daga lissafin sa'o'i.

Batun bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. A Zariya Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya take tun 1964, sojin saman ƙasar kuma suna horar da matuƙa a Kaduna da Kano. Harshen aiki a sama Ingilishi ne, amma ladabin magana ba ya sauyawa da sauyin harshe. Yaron da ya tashi yana ce wa babba "ranka ya daɗe", ya kuma koyi cewa gyara wa na gaba sai da kewaye-kewaye, zai shiga ɗakin tuƙi da wannan tarbiyya. Idan na kusa da shi tsohon hafsa ne, nauyin ya ninka. Nan akwai aiki ga manazarta harshe, musamman masu nazarin sigogin girmamawa da sakaya zance: wace siga ce ƙarami zai yi amfani da ita ya ce wa babba ya yi kuskure cikin daƙiƙa biyu, babban kuma ya karɓa?

Hukumomin da ke mayar da lasisin soja na farar hula suna iya ci gaba da rage sa'o'i. Abin da ya kamata su ƙara shi ne jarrabawa a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, inda za a haɗa tsohon hafsa da matashin mataimaki, a lalata na'urar gaban hafsan da gangan ba tare da an faɗa masa ba, sannan a duba daƙiƙa nawa za ta ɗauka kafin matashin ya yi magana, da kuma abin da hafsan zai yi bayan ya ji.